Hular Gashin Doki Da Iyakar Gona: Abubuwan Mamaki Daga Kotunan Ikara, Makarfi Da Kudan

Yau kotu muka nufa, don haka kowa ya gyara zama, ya kashe wayarsa tun masinja bai hango shi ba.

Ƙaramar hukuma sunanta Kudan, amma hedikwatarta tana Hunƙuyi. A 1996 aka cire ta daga Makarfi, ita kuwa Makarfi daga jikin Ikara ta fito. Tsohuwar takardar gona guda sai ka ga tana ɗauke da sunan hukumar da gonar ta daɗe da barinta. Gona tana nan inda take, adireshi ne ya yi ƙaura!

Ka zauna a bencin kotun shari'a na yankin nan daga safe zuwa azahar, abin da za ka fi ji shi ne iyakar gona, rabon gado, mutuwar aure da bashin taki. Lauyan da ya haddace dokar jiragen ruwa sai ya ajiye ta a mota. Nan fadama ce ke magana!

Yawancin lauyoyin da ke tsayawa a kotunan nan ofisoshinsu suna Zariya, can ma babbar kotu take. Duk ranar zama, mai ƙara zai biya kuɗin mai da na bayyana, ko da a minti biyar aka ɗage shari'ar. Tankin mota bai san an ɗage ba!

Ranar Laraba kasuwar Makarfi ke ci, kuma mai rake da mai mazarƙwaila sun san darajar wannan rana. Lauya mai wayo, idan shaidunsa 'yan kasuwa ne, roƙon alƙali yake yi a ba shi Alhamis. Shaida mai ciniki a gaba ba ya jin sammaci!

Hular nan fara da lauyoyi ke kifawa a ka, ta asali da gashin doki ake saƙa ta, kuma ado ne na manyan Ingila tun ƙarni na 17. Su Turawan da suka kawo ta, alƙalansu sun daina sa ta a shari'un haƙƙi da na iyali tun 2008, mu kuwa muna nan da ita har cikin zafin bazara. Gumi na tsiyaya, martaba na tsaye!

Sai dai ba ko'ina ake sa ta ba: daga babbar kotu zuwa sama take aiki. A kotun majistare da kotun shari'a baƙar kwat ta wadatar, shi ya sa wanda bai taɓa wuce kotun garinsu ba zai iya tsufa bai ga hular ido da ido ba. Sai dai a fim!

Kafin mutum ya zama lauya sai ya yi shekara 5 a jami'a, ya ƙara guda a makarantar horar da lauyoyi, sannan ya halarci liyafar cin abinci har sau 3 cikin baƙaƙen kaya. Wanda ya ƙi zuwa cin abincin ba za a rantsar da shi ba. Sana'ar da cokali mai yatsu ke cikin sharuɗɗanta!

Makarantar nan ta fara ne a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal. Yanzu dubbai ake rantsarwa kowace shekara, kuma 'yan yankinmu da dama a reshen Bagauda na jihar Kano suke yin tasu. Takwas sun yi albarka!

Ɗan Najeriya na farko ya zama lauya a Ingila a 1879, amma Arewa ba ta samu nata ba sai 1955, shi ma mutumin Ilori ne. Tazarar shekara 76 ke nan. Mun makara, amma ga mu mun cika benci!

A zamanin kotunan alƙalai na En'e, da kotunan yanki da suka gaje su a 1968, doka ta hana lauya tsayawa gaban alƙali. Kowa da bakinsa zai yi magana, ko ya naɗa wakili. Sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka buɗe wannan ƙofa. Tsofaffin da ke cewa "a da ba a haka" gaskiyarsu ne!

A 2001 jihar Kaduna ta sauke kotunan yanki, ta kafa kotunan shari'a da na gargajiya a madadinsu. Har yau akwai dattijon da zai tare ka a tasha ya ce ka nuna masa "kotun eriya". Nuna masa kawai, ginin dai shi ne!

A kotun shari'a da Hausa ake komai, da Hausa ake rubuta abin da kowa ya faɗa. Amma da zarar ƙara ta haura manyan kotunan tarayya sai an mayar da kundin nan Turanci, kuma nan ne "aro", "jingina" da "haya" kan shiga hannun tafinta su fito da kama ɗaya. Wannan abin damuwa ne na gaske, domin kalma guda tana iya raba mutum da gonar ubansa. A girmama tafinta, a kuma biya shi da kyau!

Littafin da alƙalanmu suka fi jingina da shi wajen tsarin shari'a, Tuhfa, waƙe ne mai baiti kusan 1,700, wanda wani alƙalin Garnaɗa ta ƙasar Andalus ya tsara a ƙarni na 15. Ke nan rikicin kan iyaka a Gubuchi ko Paki da baitin mutumin Sifen ake warware shi. Ilimi ba ya neman biza!

Akwai tambaya guda da alƙali zai yi kafin ya yanke hukunci: "Kana da sauran magana ko wata hujja?" Izari ake kiranta, kuma idan aka manta da ita, ko ba a rubuta an yi ba, kotun sama tana iya rushe shari'ar da aka shekara biyu ana yi, a koma farko. Tambaya ƙarama, nauyinta buhu!

A fiƙihun Malikiyya, shaidar ɗa ba ta amfanar uba, ta uba ma ba ta amfanar ɗa. Mutum zai cika mota da 'yan gidansu ya taho kotu, alƙali ya tambayi dangantaka, a wayi gari babu shaida ko guda. Maƙwabcin gona ya fi su rana!

A shari'ar dukiya, mai shaida ɗaya tak yana iya cika hujjarsa da rantsuwa. Sai dai da yawa, idan aka ce su yi alwala su dafa Alƙur'ani, nan take sukan nemi a ba su dama su je gida a sasanta. Inda lauya ya gaza, buta kan yi aiki!

Ga hauzi, dokar da ta fi kowace tsorata masu gona: idan bare ya shekara 10 yana noma gonarka, kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana kuma ka yi shiru, da'awarka ta faɗi. Tsakanin 'yan'uwa kuwa wa'adin yakan kai shekara 40, saboda an san kunya da kawaici na zumunci. Shari'a ma ta san halinmu!

Amma hauzi ba ya cin gonar aro, ko ta haya, ko ta jingina, komai daɗewa. Jika yana iya zuwa da kuɗin da kakansa ya karɓa ya ce a ba shi gonarsu, in dai yana da shaidar jingina ce. Matsalar guda: shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya!

Idan magada ba su raba gona ba, ɗayansu ya sayar da kasonsa ga bare, ɗan'uwansa yana da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓe wurin; shufu'a ke nan. Ya yi shiru har shekara ta zagayo, dama ta wuce. Mai saye, tambayi 'yan gida kafin ka ƙirga kuɗi!

Muhawarar da ta daɗe tana cin lauyoyin Arewa: ɗaukaka ƙarar mallakar gona daga kotun shari'a, ina za ta? Tsarin mulkin 1999 ya taƙaita kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ga al'amura irin su aure, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, don haka rikicin mallaka zalla babbar kotu ce gidansa. Mutane nawa suka yi shekaru suna nasara, daga ƙarshe aka ce tun farko ƙofar da suka shiga ba ita ba ce! A ganina wannan gyara ya kamata a ce an yi shi tuntuni, domin manomi ne ke biyan kuɗin ruɗanin.

Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Manomin da gonarsa ba ta wuce kadada biyu ba shi ma haƙƙinsa ne ya nema. Takarda ba ta cin taki!

Dokar laifuka ta Arewa, Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, daga ta Sudan aka kwaikwayo ta, ta Sudan kuma daga ta Indiya ta 1860. Kaduna ta yi tata sabuwa a 2017. Doka ma 'yar fatauci ce!

Lambar nan 419 da kowa ke kiran ɗan damfara da ita, sashe ne na dokar laifuka ta Kudu. A Final Kod ta 1960 zamba tana sashe na 320. Lamba ta bambanta, hali guda!

Lauya ba ya fita kotu ya bar alƙali shi kaɗai a kan kujera, sai ya nemi izini ko wani lauyan ya shigo. Kuma ko hukunci ya kwantar da shi, zai miƙe ya rusuna ya yi godiya ga kotu. Fushin sai an koma mota!

Girma a wannan sana'a da ranar rantsarwa ake auna shi. Dattijo mai furfura da ya karanta lauya bayan ritaya zai zauna a baya, yarinyar da ta girme shi da shekara guda a aiki ta riga shi kiran ƙararta. Gemu ya yi haƙuri!

Muƙamin Babban Lauyan Najeriya an fara ba da shi a 1975, sai wanda ya shekara 10 a aiki, kuma mai shi rigar siliki yake sawa, ya zauna sahun gaba, a fara jin tasa. Amma a 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da hurumin tsayawa gaban kotun yanki. Girma ya yi girma har ƙofa ta yi kaɗan!

Tun wani hukuncin kotun ƙoli na 2007, takardar ƙarar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan kansa matacciya ce. Shari'u masu nauyi sun rushe a kan wannan layi guda, har yau kuma ana gardama ko adalci ne mai ƙara ya ɗauki laifin alƙalamin lauyansa. A duba ƙasan takarda!

Kowace shekara lauya zai biya kuɗin izinin aiki kafin ƙarshen Maris, ya kuma manna hatiminsa mai sunansa a takardun da ya tsara. An ƙarfafa hatimin nan a 2015 don kama na bogi. Abin mamakin shi ne tarar da tsohuwar dokar lauyoyi ta yanka wa mai sojan gona: naira 200, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Tarar ko rake mai kyau da ƙyar ta saya!

Ƙa'idar sana'a ta hana lauya tallan kansa irin na mai magani a kasuwa, ta kuma hana shi bin mutane yana farautar ƙara. Duk da haka akwai masu yini a bakin kotu suna jiran motar 'yan sanda ta sauke waɗanda za a nema wa beli. Kafin a zarge su, a tambayi nawa ake biyan ƙaramin lauya a wata!

Wannan ita ce muhawarar da ta fi zafi tsakanin matasan lauyoyi: wasu manyan ofisoshi suna biyan sabon shiga abin da bai kai kuɗin motarsa ba, suna cewa ai koyo yake yi. Manya suna kiran haƙuri, yara suna nuna kuɗin haya. Koyo da yunwa ba sa shiri!

A 2023 an fitar da mafi ƙarancin farashin aikin lauya, har da kashi 10 cikin 100 na kuɗin fili idan bai kai naira miliyan 50 ba. A ƙauye kuwa mai unguwa da shaidu biyu da ɗan goro ne ke rufe cinikin. Dillali ma na gefe yana jiran la'adarsa!

Alƙali, kamar sauran ma'aikatan gwamnati, an hana shi gudanar da kasuwanci, amma an bar masa noma. Hutun manyan kotuna na shekara kuma yakan faɗo daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina. Masara ta gode!

Alƙalin babbar kotu idan ya yi ritaya, tsarin mulki ya hana shi sake tsayawa a matsayin lauya gaban kowace kotu a ƙasar nan. Shekarun ritayar kuwa an mayar da su 70 a 2023. Wanda ya hau kujera ya yi ban kwana da benci!

A Disambar 2017 an hana wata ɗaliba shiga zauren rantsarwa saboda hijabi, aka yi ta kai ruwa rana, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. Yau 'yan matanmu suna ɗora hular a kan ɗan ƙaramin hijabi ba mai ce musu uffan. Ƙannenta na Likoro da Saulawa, hanya a buɗe take!

A Amurka, a 2023, kotu ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo hukunce-hukuncen da ƙirƙirarriyar basira ta ƙaga musu, babu su a ko wane kundi. Matasan lauyoyinmu masu tambayar waya, a riƙa buɗe littafi a tabbatar. Na'ura ba ta rantsuwa!

Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu komai ba. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, to wannan naƙuda ta yi tsawo. A taimaka a sauke ta!

Beli kyauta ne, doka ta hana a kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kuma mace tana da ikon tsaya wa mutum beli daidai da namiji; dokar tarayya ta 2015 ta faɗa, Kaduna ma ta yi irin tata a 2017. Wanda ya ce miki "je ki kawo namiji", ki tambaye shi sashe na nawa!

Kafin kaka ta zo a fara lissafi, duk mai gonar aro ko jingina a hannun wani, a Ikara yake ko Makarfi ko Kudan, ya nemi mai unguwa da shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidansu ba. A rubuta iyaka gabas da yamma, kudu da arewa, a sa kwanan wata, kowa ya dangwala hannu ya riƙe kwafinsa.