Ɓarayin Suna: Abin Da Ya Auku A Amurka Shekarar Annoba

 Wannan labarin wata irin sata ne wadda ba a fasa ɗaki dominta, ba a yanke aljihu, ba a tare hanyar fatake, amma dukiyar da ta salwanta a cikinta ta fi ƙarfin ƙidayar attajirai. Abin da a ke sacewa shi ne sunan mutum.

Mai karatu ya sani, a ƙasar Amurka akwai wani tsari da aka kafa da doka tun shekarar 1935. Masu kamfani su kan biya wani haraji a kan albashin ma'aikatansu, a tara shi a asusun jiha. Idan aka sallami ma'aikaci ba da laifinsa ba, sai ya kai kukansa ofishin jiha, a riƙa ba shi wani yanki na albashinsa kowane mako, a yawancin jihohi har mako 26, kafin ya sami wani aikin. Amma a kan aika wa ubangidansa a tambaya: shin wane ya yi aiki a wurinka? Yaushe ya bari, kuma don me? Wannan tambaya ita ce sakatar ƙofar baitulmali.

Kuma tun 1936 a ke ba mutanen ƙasar wata lambar shaida mai alƙaluma 9, kowa da tasa. Da ita a ke ɗaukar mutum aiki, da ita ya ke biyan haraji, da ita banki ke ba shi bashi. Da zamani ya juya, aka koma neman kuɗin rashin aiki ta intanet, sai ya zama akawu ba ya ganin fuskar mai nema. Wanda duk ya riƙe sunan mutum da ranar haihuwarsa da lambarsa, a wurin kwamfuta shi ne mutumin. Ga shi kuwa tun kafin annoba ɓarayi sun riga sun yi tanadi. A shekarar 2017 kaɗai an kutsa cikin ma'ajiyar kamfanin Equifax, mai ajiye labarin bashin mutane, aka kwashi bayanin mutum kusan miliyan 147. Irin waɗannan bayanai a kan kasa su a ɓoyayyun kasuwannin intanet, kamar yadda a ke kasa goro a faranti.

Sai ga annobar korona a 2020. Aka rufe masaƙu da kantuna da gidajen abinci. Cikin watan Afrilu kaɗai ayyuka fiye da miliyan 20 suka tafi. A ƙarshen watan Maris majalisar ƙasar ta yi doka, aka ƙara wa kowane mai karɓa dala 600 a mako bisa abin da jiharsa ke ba shi. Aka kuma buɗe sabuwar ƙofa domin masu sana'ar kansu, irin su direban haya da wanzami da mai ƙaramin kanti. Niyya ce kyakkyawa, gama yunwa ba ta jiran bincike. Sai dai mai sana'ar kansa ba shi da ubangida da za a tambaya, saboda haka aka karɓi maganarsa kawai. Ba a wajabta kawo takardar shaidar sana'a ba sai a watan Disamba na shekarar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jihar da aka fara jin kukanta sosai ita ce Washington, wadda ke can arewa maso yamma bakin teku, ba birnin da shugaban ƙasa ke zaune ba. Kuɗinta na mako yana cikin mafi tsoka a ƙasar, ta kuma janye jiran mako guda da a kan yi kafin biyan farko. Kafin ma'aikata su farga, cikin watan Mayu, an kwashe abin da ya kusa dala miliyan 650. Daga baya an ƙwato kimanin miliyan 370, saura ya bi ruwa.

Cikin dabarun ɓarayin akwai wata da za ta ba malamai mamaki. Duk almajirin da ya riƙe allo ya san nauyin ɗigo: da shi a ke raba ba da ta, a raba fa da ƙaf. To, a adireshin wasiƙa na Gmail ɗigo ba shi da wani hukunci. Ko an sa shi tsakanin harufa ko an ɗebe, akwati ɗaya wasiƙar za ta faɗa. Amma kwamfutar jiha, in ta ga ɗigo ya gusa, sai ta ɗauka wani mutum ne dabam. Da haka ɓarawo guda ya kan nemi kuɗi da sunayen mutane masu yawa, amsoshin duka suna zuwa hannunsa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wannan dabara shi ne Abidemi Rufai, wanda ya riƙe muƙamin mataimaki na musamman ga gwamnan jihar Ogun ta Nijeriya. An kama shi a filin jirgin sama na New York cikin watan Mayu 2021, yana shirin barin ƙasar. Ya amsa laifinsa gaban alƙali a 2022. An tabbatar tun 2017 ya tara bayanin Amurkawa fiye da 20,000, kuma a jihar Washington kaɗai an biya fiye da dala 350,000 ta hanyarsa. A watan Satumba 2022 aka ɗaure shi shekara 5, aka kuma ɗora masa biyan fiye da dala 600,000. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Kada a zaci baƙi kaɗai suka yi ɓarnar. 'Yan ƙasar ma sun ci nasu rabon. A jihar Kalifoniya an biya kuɗi da sunayen dubban fursunoni, har da waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, kuma a 2021 jihar ta amsa cewa dala biliyan 20 sun tafi hannun mazambata. An nemi kuɗi da sunan gwamnan Ohio da gwamnar Kansas suna bisa kujerunsu. Matattu ma ba su tsira ba, gama masu bincike na ma'aikatar ƙwadago sun tarar an yi amfani da lambobin mamata fiye da 200,000. A watan Satumba 2023 ofishin da ke binciken lissafin gwamnati domin majalisa ya kimanta dukan zambar tsakanin dala biliyan 100 da biliyan 135. Biliyan guda kuwa miliyan dubu ne.

Mai wannan sana'a ya kan lallashi zuciyarsa da cewa kuɗin gwamnati ne, gwamnatin kuma mawadaciya ce, ba wanda aka cuta. Wannan magana ba ta da ƙafar tsayawa, domin waɗanda aka cuta iri uku ne.

Na farko shi ne mai sunan. Wani yana bakin aikinsa sai a kira shi ofis a tambaye shi don me ya ce an sallame shi. Wani kuma sai ran da aka sallame shi da gaske, ya je neman haƙƙinsa, a ce masa ai tun tuni ya karɓa. Waɗansu ba su san kome ba sai farkon 2021, sa'ad da takardar haraji ta iso musu a kan kuɗin da ba su taɓa gani ba, gama a ƙasar a kan biya haraji bisa kuɗin rashin aiki. Sai mutum ya shiga zirga-zirgar wanke kansa daga abin da bai aikata ba. Wanda aka sace wa riga ya kan ɗinka wata, amma lambar shaida ba ta sauyuwa da sauƙi, tana nan hannun ɓarayi shekara da shekaru.

Na biyu shi ne mabukaci na gaskiya. Da jihar Washington ta gane ɓarnar, sai ta tsai da biya duka har kwana biyu, ta kuma riƙe kuɗin dubban mutane sai sun tabbatar da kansu, har aka kira sojojin jihar su taya duba takardu. Magidanta da ba su ci ba, ba su sha ba, suka yi makonni suna jira, ga kuɗin haya, ga bakunan yara. Sauri ya haifi nawa, talaka kuwa shi ya ɗauki nauyin.

Na uku shi ne wanda aka bi ta asusunsa. Ɓarawo ba ya son kuɗi su faɗa bankinsa kai tsaye. Ya kan nemi wani, ko da alkawarin lada, ko da ƙaryar aiki, ko da ƙaryar soyayya, a zuba kuɗin wurinsa sa'an nan ya tura gaba. Ran da 'yan sanda suka bi sawu, ƙofarsa su ke fara ƙwanƙwasawa, gama sunansa ne a rubuce.

Bayan waɗannan akwai wata hasara da ta komo gida. Fatake sun fi kowa sanin cewa suna jari ne. Da shi a ke ɗaukar goro bashi, da shi mai masauki ke tsaya wa baƙonsa a garin da ba a san shi ba. Sa'ad da jaridun duniya suka yi ta haɗa sunan Nijeriya da wannan zamba, ɗan kasuwa mai gaskiya shi ke shan tuhuma a bankunan waje da ofisoshin biza. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Malamai kuwa sun san ha'inci ba ya zama halal don wanda aka ha'inta yana nesa, ko yana da wadata, ko addininsa dabam.

Kada kuma a ce abin na can ne. A Nijeriya tun 2014 aka fara ba masu ajiya a banki lambar BVN, ga kuma lambar NIN ta ɗan ƙasa, kowace mai alƙaluma 11. A shekarar 2025 hukumar EFCC ta yi kashedi cewa akwai samari masu yawo suna sayen waɗannan lambobi daga hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun zamba da su. Wanda ya sayar da lambarsa tamkar ya buga hatiminsa ne a kan farar takarda, ya miƙa wa wanda bai sani ba ya rubuta abin da ya ga dama.

Saboda haka attajiri ya tsare lambobinsa kamar yadda ya ke tsare mabuɗin rumfarsa. Kada ya karanta wa kowa lambar sirri da banki ya aiko masa a waya, ko da mai kira ya ce shi ma'aikacin banki ne. Kada ya ba da aron asusunsa domin kuɗin da bai san asalinsu ba, ko da ɗan ɗakinsu ne ya roƙa. Malami kuma ya gargaɗi almajiransa da tsofaffin unguwa, in wani ya zo yana rubuta sunaye da lambobi da alkawarin tallafi, a tambaye shi wa ya aiko shi, a kuma sanar da mai unguwa.

Allah ya kiyashe bayinsa daga cin haƙƙin wani, ya tsare musu sunayensu da mutuncinsu. Amin. Tamat.