ME KE KASHE KIFIN DA MUKE KIWO A GIDA?

Da can wanda ke son ɗanyen kifi sai ya jira masunta daga kogin Isa, ko tafkin Madarumfa, ko Tabalak, ko Gidimuni. Yau akwai masu kiwonsa a gida. Wani ya gina tankin siminti. Wani ya yanka tano. Wani ya haƙa rami ya shimfiɗa leda. A birni kuma akwai masu ajiye ƙananan kifaye masu launi cikin akwatin gilashi don ado.

Dukansu kukansu ɗaya ne. Mutum ya sayi ƴaƴan kifi da kuɗinsa, ya yi ta ciyar da su, wata safiya ya tarar sun juya ciki sama. Sai a ce baki ne, ko sammu, ko mai sayarwa ya yi ha'inci. Kafin ka zargi maƙwabcinka, fara duba ruwanka. Galibi laifin yana can.

RUWA SHI NE ƊAKIN KIFI

Cikin ruwa kifi ke ci, ciki yake numfashi, ciki yake kashi. A tafki ruwa na da yawa, ƙazanta tana bajewa. A tanki ba ta da wurin zuwa. Ga abubuwa biyar da ke ɓata ruwa.

1. ƘARANCIN ISKA

Akwai iska narke cikin ruwa, kamar yadda sukari ke narkewa cikin shayi. Sunanta oksijin. Kifi yana tace ta da jan naman nan mai kama da mataji da ke ƙarƙashin marfin kunnensa.

Ruwan zafi bai riƙe iska da yawa. In zafin ruwa ya tashi daga digiri 20 zuwa 30, wajen kashi 1 cikin 6 na iskarsa ya tafi. Kuma a lokacin ne kifi ya fi bukatarta. Don haka asara ta fi yawa cikin watan Afrilu da Mayu.

Ruwan da ya yi kore yana cike da ƙananan tsirrai. Da rana suna ba da iska, da dare suna shanye ta. Shi ya sa kifi ya fi mutuwa da asuba.

Alama: kifaye sun taso sama suna buɗe baki. Amma a lura: tarwaɗa tana iya shaƙar iskar waje, tasowa sama ɗabi'arta ce. Karfasa ba ta iyawa. In karfasa ta taso tana haki, akwai matsala.

2. DAFIN DA IDO BAI GANI

Wannan shi ne babban makashi, a karanta da kyau.

Kifi yana fitar da wani dafi mai suna amoniya ta kunnuwansa. Kashinsa da ragowar abinci in sun ruɓe, su ma suna ƙara shi. Shi ne warin nan mai shiga hanci da muke ji a akurkin kaji da aka daɗe ba a share ba. Cikin ruwa ba shi da launi. Ruwa yana iya zama garau alhali ya cika da shi. Yana ƙone kunnuwan kifi.

Allah ya yi masa magani. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ido bai gani, suna zaune jikin bangon tanki da duwatsun da ke ciki. Su ke cinye amoniya su maida shi wani dafi na biyu mai suna nitirit. Shi kuma yana ɓata jinin kifi, ya koma kalar ƙasa, ya kasa ɗaukar iska. Sai wasu ƙwayoyin su maida nitirit ya zama nitirat, wanda bai da haɗari sosai, kuma taki ne ga shuka.

Amma sabon tanki bai da waɗannan ƙwayoyi. Sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Wanda ya cika sabon tanki da kifi rana ɗaya, ya yi ta zuba abinci, dafi zai taru babu mai cinye shi. Haka ma wanda ya kwashe ruwa duka ya goge bango tas, ya kori masu yi masa aiki kyauta.

Alama: kifi ya daina ci, ya lafe a ƙasa, kunnuwansa sun yi ja ƙwarai ko sun yi kalar ƙasa.

3. RUWAN FAMFO DA SABON SIMINTI

Ruwan famfo na birni ana sa masa magani irin na jabal don ya kashe cuta. Mu yana kare mu, kifi kuwa yana kashe shi. A zuba ruwan cikin tano, a bar shi buɗe kwana 1 ko 2 kafin a yi aiki da shi.

Ruwan rijiya mai zurfi da na foraji ba su da iska sosai. A riƙa zuba su daga sama, suna fantsama.

Sabon siminti yana fitar da farar ƙasa mai ƙuna. A cika tanki da ruwa, a bar shi ƴan kwanaki, a zubar, a sake. A yi haka har mako 2 kafin a sa kifi.

4. MAGANIN ƘWARI DA SABULU

Sangen da aka sa wa maganin sauro yana kashe kifi nan da nan. Kada a wanke shi kusa da tanki, kada a kama kifi da shi. Kada a ɗebi ruwa da bokitin da aka dama maganin feshin wake. Kada a sa hannu mai sabulu. A ware wa kifi bokitinsa shi kaɗai, a gargaɗi yara.

5. ZAFI DA SANYI

Kifi bai son canji farat ɗaya. In ka kawo ƴaƴan kifi cikin leda, ɗora ledar bisa ruwa minti 20, ka riƙa ƙara mata ruwan tanki kaɗan kaɗan, sannan ka sake su. Lokacin bazara a yi wa tanki rumfar zana. Lokacin hunturu kifi yana rage ci, sai a rage masa abinci, a rufe tanki da dare.

IN KIFI YA FARA MUTUWA

1. Kwashe matattun nan take, ka binne su. Kada a ci, kada a sayar.
2. Tsaida abinci kwana 2. Yunwar kwana 2 ba ta kashe kifi.
3. Zuƙe dattin ƙasa da tiyo, ka canza kashi 1 cikin 3 na ruwa. Gobe ka sake.
4. Ɗebo ruwan da ƙwarya kana sheƙawa daga sama, don iska ta shiga.
5. In kifi ya yi yawa, raba shi wuri biyu.
6. Kada ka zuba ƙwayoyin maganin mutane. Suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani.
7. In ka ga gyambo, ko farin ɗigo a jiki, ko mutuwa ba ta tsaya ba, je wurin ma'aikacin ruwa da gandun daji. Tafi da kifi mai sauran rai, da kwalbar ruwan tanki.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ba kifi abin da zai cinye cikin minti 10. In ka ga dussa ta rage bisa ruwa, gobe ka rage. Fara da kifi kaɗan. Canza kashi 1 cikin 4 na ruwa kowane mako. In tarwaɗa ce da yawa, kowane kwana 2 ko 3.

Ga lissafi: tanki mai tsawon mitir 2, faɗi mitir 1, zurfi mitir 1, yana cin litar 2000. Kashi 1 cikin 4 litar 500 kenan, wato bido 25 mai cin litar 20. Kafin ka gina tanki, tambayi kanka: ina da wannan ruwa? Wa zai ɗebo shi? Tsohon ruwan kuma kada a zubar a titi. A ba tumatir da zogale.

Tun da yanzu ka iya rubutu, sami littafi. Rubuta ranar da ka canza ruwa, da abincin da ka bayar, da kifin da ya mutu. Ran da matsala ta zo, littafin zai nuna maka inda ta fara.

A TATTAUNA A AJI

1. Don me kifi ya fi mutuwa da asuba?
2. Ruwa garau yana iya kashe kifi? Ta yaya?
3. Tanki mai cin litar 1200, bido nawa za a canza a mako?