Guzuri, Buta da Mai Masauki: Yadda Daurawa Ke Doguwar Tafiya da Kuɗi Kaɗan

Da zarar an kai gero rumbu an gama roron wake a ƙauyukan Sandamu, Baure, Zango da Mai'adua, sai tashar motar Daura ta fara cika da samari masu ƙaramar jaka. 'Yan ci-rani ke nan. Wasu Kano suka nufa, wasu Abuja, wasu kuma sai Ikko ko Fatakwal, kuma galibinsu ba za a sake ganinsu ba sai hadarin farko ya haɗo. Abin da ke aljihun mafi yawansu ba zai biya ɗakin otal na kwana biyu a Legas ba, amma za su je, su zauna wata biyar ko shida, su dawo da kuɗin taki da tsarabar gida.

Shirin yakan fara ne tun daga tsakar gida. Matafiyi ba ya fita sai ya durƙusa gaban iyaye ya nemi albarka, ya bi maƙwabta da dangi yana sallama. "Baba, zan ɗan taɓa ci-rani." "To, Allah ya tsare hanya, ya ba da abin da aka je nema. Ka riƙe salla." Wasu sukan ba da sadakar ƙosai ko waina, wasu su leƙa zauren malam a yi musu addu'a. A nan ne kuma ake ɗora wa mutum saƙonni, domin duk mai zuwa Kudu ɗan aike ne, ko ya so ko bai so ba: ƙullin kuka da daddawa na yayan wane da ke Agege, yaji na ƙanwar wance da ke aure a Sabon Ibadan.

Sai guzuri, wanda a kansa ne mata ke nuna gwanintarsu. Sharaɗinsa ɗaya, kada ya lalace a hanya. Shi ya sa ake zaɓen ƙuli-ƙuli da garin kwaki da ɗan sukari, waɗanda ruwa kawai suke jira su zama abinci, da dabino, da aya, da dakuwa. Mai ɗan hali ya ƙara da kilishi ko dambun nama. Fura takan raka mutum yini ɗaya, daga nan ta fara tsami. A gefen jaka akwai buta da dadduma da bargo, domin tafiyar takan faɗo cikin hunturu, kuma sanyin asuba a bayan buɗaɗɗiyar mota ba abin wasa ba ne. Kuɗi kuwa ba a tara su wuri guda: kaɗan a aljihun gaba na biyan mota, sauran a lalita ko aljihun ciki. Yanzu da yawa sun koma ajiye su a asusun banki, su cira wurin mai POS idan sun sauka.

Ƙasar Daura ba baƙuwar matafiya ba ce. Labarin kafuwar sarautarta ma na baƙo ne da ya sauka da dare ya nemi ruwa, aka ce masa rijiyar Kusugu ba ta ɗebuwa sai ranar Juma'a. Ayarin fatake da jakuna da raƙuma sun daɗe suna ratsa ta tsakanin Kano da Damagaram, kuma tsarin da suka bari, na madugu mai jan ayari da mai masauki mai karɓar baƙi, shi ne har yau ke ɗauke da ɗan ci-rani, sai dai sunaye sun sauya.

Jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta Daura ba. Dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani zuwa Nguru a 1930, Daura da Katsina suka zauna a tsakiya. Don haka Badauri mai son shiga jirgi sai ya bi ta Kazaure ya sauka Kano, ya kwana a tasha ko wurin ɗan'uwa a Fagge, sa'annan ya yanki tikitin ƙaramin aji. Daga nan tafiyar sama da kilomita 1,100 ce: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, a haye Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, Oshogbo, Ibadan, har tashar Iddo a Legas. Ko lokacin da aka farfaɗo da wannan layi a ƙarshen 2012, tafiyar ta fi awa 30, wato dole a kwana a ciki.

Dattawan da suka yi wannan zamani sukan ba da labarin taragon kamar na unguwa ce mai tafiya. Kujerun katako ne ko na ƙarfe, wanda bai samu ba ya shimfiɗa tabarma a tsakiya, kusa da huhun goro ko buhun albasa. Ba a cin guzuri a ɓoye. Duk mai buɗe ƙunshi sai ya ce "bisimilla" ga na kusa, ko da bai san sunansa ba. Idan jirgi ya tsaya a babbar tasha, sai a yi rububin cika buta a famfo, a yi ƙasaru a haɗa salloli a gefen dogo, kunne yana kan ƙarar jirgi. Barci kuwa karɓa-karɓa ake yi, ɗaya ya runtsa ɗaya ya tsare kaya.

Wanda ya san ƙasar Rasha zai ga kamanni. Can ma masu ƙaramin ƙarfi da ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido sukan zaɓi jirgin dare tsakanin Mosko da San Fitasbag, tazarar kilomita 650 ko kusa da haka, don kuɗin tikiti ya zame musu kuɗin masauki. Taragon talakawansu, wanda suke kira platskart, yana da gadaje 54 ba ƙofa ba labule, da tukunyar ruwan zafi a ƙarshensa, kuma su ma sukan baje dafaffen ƙwai da kaza da burodi a ci tare. Bambancin shi ne can hukumar jirgi ce ke tanadar gado da zanen rufa da ruwan shayi. A nan matafiyi da abokan tafiyarsa ne ke tanadar wa kansu komai.

Da jirgin Kano ya ja baya, sai al'adar ta koma kan titi. Mai kuɗi ya shiga doguwar bas ta dare daga Sabon Garin Kano. Wanda ba shi da su ya jira ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua, inda ake lodin shanu da raguna zuwa Kudu, ya yi ciniki da direba ko yaron mota, ya hau saman tirela. Ita ce mafi araha, kuma ita ce mafi haɗari; ba a rasa jin labarin tirelar da ta kife da mutane da dabbobi. Gaskiya wannan ɓangare na al'adar ba abin yi wa kirari ba ne, talauci ne ya haife shi. Matsalar 'yan bindiga ta ƙara sauya lissafi, har direbobi da yawa suka gwammace su yada zango a gari su jira gari ya waye. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a daren 28 ga Maris, 2022 ya nuna cewa dogo ma bai tsira ba.

A can masauki ne ake gane ƙarfin tsarin. Baƙo ba ya neman otal. A Legas, yakan sauka Mile 12 ko Agege ko Idi-Araba ya tambayi inda 'yan garinsu suke, ko ya nufi ƙofar Sarkin Hausawa. Za a ba shi wurin shimfiɗa a shago ko barandar masallaci, mai shayi ya buɗe masa bashi, wani ya ara masa baro ko kurar ruwa ko akwatin gyaran takalmi, har ya tsaya da ƙafarsa. Ba a rubuta yarjejeniya. Abin da ake jira daga gare shi kawai shi ne baɗi ya karɓi wani.

Yanzu dai dogo na tafe. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil ke yi, zai kuma bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Tun kafin nan, a Disambar 2019, an aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura. Sai dai Daura zuwa Kano ba tafiyar kwana ba ce. Jirgin dare na gaske sai an gama layin Kano zuwa Kaduna, an kuma cike giɓin da ke tsakanin Abuja da Ibadan. Ko an yi hakan, ɗan ci-rani zai auna abu biyu kafin ya bar saman tirela: ko tikitin zai yi daidai da aljihunsa, da ko za a bar shi ya shiga da buhun gero da ƙullin saƙonnin mutanen unguwa.