Maroko: Wa ke kula da kaburburan Yahudawan da jikokinsu suka bar ƙasar?

Duk shekara dubban mabiya ɗariƙar Tijjaniyya daga Najeriya da Nijar da Senegal na zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko domin ziyarar kabarin Shehu Ahmadu Tijjani. A ɗaya ɓangaren birnin, kusa da fadar sarki, akwai wata maƙabarta da ita ma take karɓar baƙi daga ƙasashen waje. Dubban kaburbura ne farare fat, masu ƙumbo kamar rabin ganga, jere a kan gangara. Ta Yahudawa ce.

Tana gefen unguwar Mellah, wadda aka tsugunar da Yahudawan Fas a cikinta tun ƙarni na 15. Yanzu Musulmi ne ke zaune a gidajen unguwar.

A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kusan 250,000. Bayan kafa Isra'ila a 1948, da kuma samun 'yancin kan Maroko a 1956, suka riƙa ficewa zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada. Waɗanda suka rage a yau 'yan dubbai ne, galibinsu a Kasablanka. Sun tafi da littattafansu da kayan ibada, amma kaburbura suna nan inda suke, kuma a addininsu ba a tone kabari don a yi wani abu da filin. Da masu kulawa suka yi ƙaranci sai katangu suka zube, ciyawa ta rufe duwatsu, wasu wuraren suka koma juji.

A 2010 Sarki Muhammad na Shida ya ba da umarnin gyara su. Aikin ya ɗauki kusan shekara biyar, ya shafi maƙabartu 167 da kaburbura sama da 12,000, ƙarƙashin kulawar majalisar Yahudawan Maroko da Serge Berdugo ke jagoranta. An sake gina katangu, an sa ƙofofi, an share hanyoyi. Sunan da aka ba shirin shi ne "Gidajen Rayuwa", domin haka Yahudawa ke kiran maƙabarta da Ibrananci. Kundin tsarin mulkin 2011 ma ya ambaci gadon Yahudawa cikin abubuwan da suka gina asalin ƙasar.

Gyaran ya zo da kasuwa. Akwai wata ziyara da ake kira hiloula, wadda ake yi a ranar tunawa da rasuwar wani babban malami. A garin Essaouira da ke bakin teku, ana taruwa a kabarin Rabbi Haim Pinto wajen watan Satumba. A kusa da Wazzan kuma na Rabbi Amram ben Diwan ake ziyarta. Masu otal da direbobi da 'yan jagora duk suna samun rabonsu. Maziyartan kan kunna kyandir, su ɗora ƙaramin dutse a kan kabari, alamar cewa wani ya zo.

Sai dai wannan kasuwa siyasa ce ke juya ta. Bayan Maroko ta daidaita hulɗa da Isra'ila a Disamban 2020, an fara jigilar jiragen sama kai tsaye, baƙi suka ƙaru. Da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 jiragen suka tsaya, dubban mutane suka cika titunan Rabat suna zanga-zangar neman a yanke hulɗar, masu zuwa suka ragu ƙwarai.

Manyan maƙabartun Fas da Marrakesh ba za su rasa baƙi ba, don suna kan hanyar masu yawon buɗe ido. Abin damuwar yana ga ƙananan da ke ƙauyukan tsaunukan Atlas da kudancin ƙasar, inda kaburbura da yawa ba su da rubutu ko suna. A wurare irin waɗannan, mai gadin yawanci Musulmi ne ɗan ƙauyen, wani ma daga mahaifinsa ya gaji makullin, kuma shi kaɗai ya san wa ke kwance a ina. Abin da yake samu ya dogara ne kan ɗan alawus da kyautar maziyarta, 'ya'yansa kuwa da yawa sun tafi birni neman aiki.