Ranar Da Mai Gadi Ya Kulle Masu Gida A Waje

Da asubahin ranar Juma'a, 19 ga watan Yuli na shekarar 2024, da ƙarfe 5:09 agogon Nijeriya, wani kamfanin tsaron kwamfuta mai suna CrowdStrike, wanda hedkwatarsa ke birnin Austin a Amurka, ya aika wa abokan cinikinsa na ko'ina cikin duniya wani ɗan ƙaramin fayil. Kafin hantsi ya dubi ludayi, jiragen sama sun kasa tashi, tashar talabijin ta Sky News a Ingila ta ɗauke, likitoci a can sun kasa buɗe bayanan marasa lafiya, a Indiya kuwa har da biro aka riƙa rubuta wa fasinjoji takardar shiga jirgi.

Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 masu aiki da Windows ne suka durƙushe a ranar. Wannan bai kai ɗaya bisa ɗari na duka masu Windows ba, amma su ne na bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama. Ba ɓarayi ne suka yi wannan ta'asa ba. Mai gadin ne da kansa.

Akala A Hannun Hedkwata

Domin mai karatu ya gane yadda aka yi, sai a fara da yadda manyan ma'aikatu ke tafiyar da kwamfutocinsu. Ɗauki banki mai rassa a Ikko da Badun da Fatakwal da Kano. Akawun da ke zaune a gaban kwamfuta ba shi da ikon sa mata manhaja ko cirewa. Wannan aikin sashen kwamfuta na hedkwata ne. Daga kujera ɗaya, ta hanyar manhajoji irin su Configuration Manager ko Intune na Microsoft, injiniya guda yana iya tura sabuwar manhaja zuwa kwamfuta dubu goma cikin dare, gari ya waye kowa ya tarar da ita.

Amfanin wannan tsari a fili yake, watau an huta da yawo reshe-reshe, kuma kowa na aiki da abu iri ɗaya. To, amma bututun da ke kai ruwa mai kyau gida-gida, shi ne zai kai gurɓatacce in aka yi sake a madatsa.

Abin Da Ya Faru

Manhajar CrowdStrike, wadda ake kira Falcon, aikinta gadi ne. Domin ta ga duk mai shiga da mai fita, ana zaunar da ita can cikin zuciyar Windows, inda manhajoji na yau da kullum ba sa kaiwa. In manhajar rubutu ta yi tuntuɓe, ita kaɗai za ta rufe. Amma in wadda ke cikin zuciya ta yi tuntuɓe, Windows kan tsai da kome nan take, ta nuna shuɗin allo.

Kamfanin kan aika wa mai gadin nan sababbin bayanai a kai a kai game da dabarun ɓarayi, kuma a wancan lokaci kai tsaye suke shiga kwamfutoci. Fayil na ranar shi ne mai lamba 291. Bisa ga bayanin da kamfanin ya fitar daga baya, an tsara umurnin ne a kan gurabe 21, alhali manhajar da ke cikin kwamfuta gurabe 20 take bayarwa. Kamar a ba magatakarda rajista mai suna ashirin ne, a ce ya kira na ashirin da ɗaya. Da Falcon ta leƙa gurbin da babu shi, sai Windows ta faɗi. In an sake kunna ta, ta sake karanta fayil ɗin, ta sake faɗuwa. Manhajar da aka sa ta tantance irin waɗannan fayiloli kafin a sake su, ita ma tana da nata aibin, ta bar shi ya wuce. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Da ƙarfe 6:27, watau bayan minti 78, kamfanin ya janye fayil ɗin. Kwamfutocin da ke kashe a wannan tsakani sun tsira, haka ma masu aiki da Mac da Linux. Amma ga sauran, aikin gama ya gama.

Gyara Sai Da Hannu

Ga inda gizo ke saƙa. Hedkwata ba ta iya gyara kwamfuta daga nesa sai kwamfutar ta tashi ta hau intanet. Waɗannan kuwa ba sa daɗewa a tsaye har gyaran ya iso. Tilas injiniyoyi suka bi su ɗaya bayan ɗaya, su tashe su ta wata hanya ta musamman da Windows ke farkawa da 'yan kayan aiki kaɗan, su shiga ma'ajin CrowdStrike, su goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, sa'an nan su sake kunnawa.

Aikin 'yan mintoci ne ga kwamfuta ɗaya, amma ga mai dubu goma fa? Bugu da ƙari, ma'aikatu da yawa sun kulle kwamfutocinsu da BitLocker domin gudun sata, kuma ba a shiga sai da mabuɗi mai lambobi 48, kowace da nata. Waɗansu ma'aikatun sun ajiye mabuɗan a cikin manyan kwamfutocin da su ma sun faɗi. Makulli na cikin ɗaki, ɗaki kuwa a kulle.

Microsoft ya ce waɗansu sun dace bayan sun yi ta kashewa da kunnawa, har sau 15, domin wani lokaci kwamfutar kan cafko gyaran kafin ta faɗi. Daga baya ya fitar da wata manhajar ceto da ake ɗorawa a kan filashi a soka a jikin kwamfuta. Sai ranar 29 ga Yuli CrowdStrike ya ce kimanin kashi 99 cikin ɗari sun dawo aiki.

Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi wajen 7,000 cikin kwana biyar, ya ce ya yi hasarar dala miliyan 500. A watan Oktoba na 2024 ya kai ƙara kotu. CrowdStrike shi ma ya shigar da tasa, yana cewa sauran kamfanonin jirage sun farfaɗo da wuri, don haka Delta ya duba nasa shirin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yadda Gwanaye Ke Bincike

Ba kullum ne abin ke kai haka ba. Abin da aka fi gani a ofisoshi shi ne a tura manhaja zuwa kwamfuta ɗari, tamanin su karɓa, ashirin su ƙi. Gwanin injiniya yakan fara da dakatar da turawar, kada ɓarna ta yaɗu. Sa'an nan ya tambaya: kwamfuta ɗaya ce, ko reshe ɗaya, ko duka? In duka ne, laifin na manhajar ne ko na yadda aka shirya ta. In reshe ɗaya ne, a duba layin sadarwarsa. In ɗaiɗaiku ne, a nemi abin da ya haɗa su.

Daga nan sai ya buɗe littafin da kowace kwamfuta ke rubuta abin da ya same ta, ya nemi lambar kuskure. A Windows, 1618 na nufin akwai wata manhajar da ake kan sakawa, sai a jira. Lamba 3010 ba faɗuwa ba ce, aiki ya yi, sake kunnawa kawai ya rage. Ita kuwa 1603 cewa kurum take yi abu ya lalace, sai an tona an ga dalili, ko ma'aji ya cika, ko babu izini, ko tsohuwar manhaja ta tare hanya. Wani lokaci ma manhajar ta zauna lafiya, alamar da hedkwata ke dubawa don tabbatarwa ce aka rubuta ba daidai ba. A ƙasa irin tamu kuma akwai ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki, kafin janareta ya kama.

Darasi

Uwargida ba ta zuba wa baƙi miya sai ta ɗanɗana. Ƙa'idar masu wannan sana'a ke nan: a fara da kwamfutoci kaɗan, a jira a gani, a ƙara, kuma a tanadi hanyar komawa baya. Fayil na 291 kuwa gaba ɗaya aka sake shi. Ba kuma shi ne farau ba. A watan Afrilu na 2010, sabuntawar kamfanin McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, kwamfutocin ma'aikatu da yawa suka durƙushe. George Kurtz, shugaban CrowdStrike a 2024, shi ne babban jami'in fasaha na McAfee a wancan lokaci.

A watan Satumba na 2024 wani babban jami'in CrowdStrike, Adam Meyers, ya nemi gafara a gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka. Kamfanin ya yi alkawarin sakin irin waɗannan fayiloli kashi-kashi, da ba abokan ciniki ikon zaɓar lokacin karɓa.

Ga 'yan'uwa masu aikin ofis a nan kudu, shawara ita ce: in kwamfutar ma'aikata ta nuna tana saka wani abu, kada a kashe ta. In ta kawo lambar kuskure, a rubuta lambar da lokacin, a kai wa sashen kwamfuta, kada a ɗauke ta a nufi kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya je banki aka ce masa na'ura ta tsaya, ya sassauta wa akawu. Mai yiwuwa wanda ya jawo abin yana wata ƙasa, bai ma san da reshen ba.