Rigar Kariyar Jakadu da Iyakar Ikon Jami'an Tsaro

Rigar kariya ta diflomasiyya ita ce kariyar da dokar ƙasa da ƙasa ta bai wa wakilin wata ƙasa daga kamu, tsarewa da gurfanarwa a kotunan ƙasar da aka aiko shi, kuma tushenta a yau yarjejeniyoyi biyu ne da aka ƙulla a birnin Vienna, ɗaya a 1961 kan jakadu, ɗaya a 1963 kan ƙananan jakadu, waɗanda Nijar da Najeriya duk suka amince da su. Jandarman da ke tsaye a shingen bincike kan hanyar Tawa zuwa Keita, ko wanda ke sintiri ranar kasuwa a Ibohamane, yana iya gama aikinsa bai taɓa tare jakada ba, amma yankin Adar ya saba ganin motocin baƙi tun lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, don haka sanin wa ke da rigar nan, wa kuma ba shi da ita, ba aikin mutanen Yamai kaɗai ba ne.

Sashe na 29 na yarjejeniyar 1961 ya hana a kama jami'in diflomasiyya ko a tsare shi, sashe na 22 kuma ya hana shiga ofishin jakadanci ba da izinin jakada ba, tare da kare motocin ofishin daga bincike. Abin da ya rage wa jami'in tsaro shi ne ya nemi katin shaida da ma'aikatar harkokin waje ta bayar, domin lambar mota mai haruffan CD ba ta nuna matsayin wanda ke riƙe da sitiyari, sannan ya rubuta rahoto ya aika sama. Ƙasashe da yawa sun ɗauka cewa yana iya hana wanda ya bugu ci gaba da tuƙi saboda rayukan jama'a, ba tare da ya kai shi caji ofis ba. Laifin dai yana nan daram, domin ƙasar da ta aiko mutumin tana iya tuɓe masa rigar ko ta hukunta shi a gida, shi kuwa ba shi da ikon tuɓe ta da kansa, tunda ba tasa ba ce, ta ƙasarsa ce.

Ƙaramin jakada, wato jami'in da ke kula da fasfo, biza da lamuran 'yan ƙasarsa, irin na ofishin Nijar da ke Kano ko na Aljeriya da ke Agadas, rigarsa ba ta kai wannan kauri ba: kariyarsa daga shari'a ta tsaya ga abin da ya yi a bakin aiki, kuma ana iya kama shi a kan babban laifi muddin alƙali ya ba da umarni. Ma'aikacin ƙungiyar agaji mai zaman kanta kuwa, komai farin motarsa, ba ya cikin waɗannan yarjejeniyoyi.

Yadda takarda ke yanke hukunci a wannan fanni ya bayyana a lamarin Umaru Dikko, Bazazzage, ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, wanda ya gudu Landan bayan juyin mulkin ƙarshen 1983. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka rufe shi cikin akwatin katako tare da wani likita ɗan Isra'ila da ke lura da numfashinsa, aka kai filin jirgin sama na Stansted da adireshin ma'aikatar harkokin waje ta Legas a jikin akwatin. Sashe na 27 na yarjejeniyar 1961 ya ce jakar diflomasiyya, wato ƙunshin saƙon gwamnati zuwa ofishinta ko daga gare shi, ba a buɗe ta, ba a riƙe ta, amma ya gindaya sharaɗin cewa sai tana ɗauke da alamomi bayyanannu a waje. Ma'aikatan kwastan na Ingila suka ga akwatin bai cika wannan sharaɗi ba, suka fasa shi, suka tarar da Dikko a sume. Da an manna alamun yadda ya kamata, da wuya su taɓa shi, domin a Afrilun wannan shekarar 'yan sandan Landan sun zuba ido ma'aikatan ofishin jakadancin Libiya suka fice da kayansu, bayan an harbe 'yar sanda Yvonne Fletcher daga tagar ofishin. Gwamnatin Najeriya ta musanta hannu a satar. Ɗan Najeriyar da aka kama, Mohammed Yusufu, ya ce yana da rigar kariya, kotu ta ƙi karɓa saboda Ingila ba ta taɓa amsar sunansa a matsayin jami'in diflomasiyya ba, aka ɗaure shi shekara 12.

Lamarin Yamai na 2023 ya fi wannan sarƙaƙiya. Bayan sojoji sun hamɓarar da shugaban ƙasa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, sabbin hukumomi sun bai wa jakadan Faransa Sylvain Itté awa 48 ya bar ƙasar ranar 25 ga Agusta, abin da sashe na 9 na yarjejeniyar 1961 ya halatta wa kowace ƙasa ba sai ta faɗi dalili ba. Faransa ta ƙi, tana cewa ba ta san da wata gwamnati ba sai ta Bazoum. Daga nan ma'aikatar harkokin waje ta Nijar ta sanar cewa an janye rigar jakadan, an soke katinsa da bizarsa, an kuma umarci 'yan sanda su fitar da shi. Yarjejeniyar ta tanadi cewa wanda aka kora yana riƙe da kariyarsa har ya tafi ko wa'adi mai ma'ana ya cika, sai dai ba ta faɗi abin yi ba idan ƙasar da ta aiko shi ba ta yarda da halaccin mai korar ba, kuma a wannan giɓi ɓangarorin biyu suka yi ta kai ruwa rana wata guda. Abin lura shi ne, duk da kewaye ofishin da takura shige da fice, har shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi ƙorafin cewa jakadansa abincin sojoji yake ci, jami'an tsaro ba su tsallaka ƙofar ba, domin kariyar ginin daban take da ta mutumin da ke ciki. Itté ya tashi ranar 27 ga Satumba, bayan Faransa ta kira shi gida.

Sashen da ya fi shafar mutanen Ibohamane, Buza da Madawa, waɗanda matasansu ke tafiya ci-rani zuwa Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, ba a cika zancensa ba, shi ne na 36 a yarjejeniyar 1963. Ya wajabta wa jami'an da suka kama baƙo su sanar da shi ba da ɓata lokaci ba cewa yana da haƙƙin a kai labarinsa ga ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa, jami'an ofishin kuma suna da damar ziyartarsa a kurkuku da nema masa lauya. Wannan ba ya hana shari'a tafiya, kuma sanarwar tana rataye ne ga buƙatar wanda aka kama, ma'ana sai ya buɗe baki ya nema kafin doka ta tilasta wa masu tsare shi aika saƙon.