Hoton Aro a Kasuwar Kayan Tarihi: Daga Tulun Ladi Kwali Zuwa Mujallar Superman

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 zai ga wata mata tana sarrafa yumɓu. Ladi Kwali ke nan, maginiyar tukwanen da ta shafe kusan shekara 30 tana aiki a garin da a yau ake kira Suleja. Takardar da ke ɗauke da hotonta da ƙyar take sayen wani abin kirki a yanzu, amma tulun da ya fito daga hannunta, idan ya shiga gwanjo a Landan, da dubban fam ake maganarsa. Wannan ne ya sa tsohon faranti ko butar shayi da ke ajiye a kabad ɗin wani tsohon ma'aikaci a Suleja, ko Minna, ko Kaduna, ya zama abin da magada za su iya tunanin sayarwa. Kasuwar da ta fi kusa da su kuwa tana cikin wayarsu.

A nan ne wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cinikin intanet take iya yin ɓarna. Mai sayarwa ba ya ɗaukar hoton abin da ke hannunsa. Sai ya rubuta sunan kayan a Google, ya zaɓi hoton da ya fi kyau, ya liƙa a shafinsa na Facebook ko Instagram, ya sa farashi. Hoton aro ke nan. Idan kwalin sukari ne ko sabuwar wayar da ba a ɓare ledarta ba, babu wanda zai yi ƙorafi, domin kowane kwali ɗan'uwan ɗayan ne. Tulun Ladi Kwali kuwa ba shi da ɗan'uwa irin wannan, kuma hoton da Google zai fara kawowa sau da yawa na wani tulu ne da ke zaune a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan, ko na Smithsonian a Washington, an haska masa fitila, ƙwararre ya ɗauka.

Dalilin da ya sa babu tulu biyu masu kama ɗaya yana cikin yadda aka yi su. A farkon shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja, kafin dokar 1976 ta ba sabon babban birni sunan, garin kuma ya koma amsa sunan da aka ciro daga na Sarki Sulaimanu Barau. A gidan wannan sarki ne Cardew ya fara ganin tulunan wata Bagwariya 'yar garin Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi irin na Turawa, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, kamar yadda ta koya tun tana yarinya: ta ɗora curin yumɓu a kan curi tana zagaya tulun da ƙafarta, sannan ta zana ƙadangare, kunama, kifi, kada ko hawainiya a jikinsa. Abin da ya sauya shi ne irin yumɓun, da ruwan ƙyallin da ake shafawa, da gashi a matoya mai tsananin zafi da ake hurawa da itace. Sakamakon haka tulun ya yi nauyi, ya daina tsatsafar da ke sanyaya ruwa, ya tashi daga kayan ɗakin girki ya koma kayan ado. Wuta kuwa ba ta yi wa kowa adalci iri ɗaya. Tulun da ya zauna kusa da bakinta launinsa daban da wanda ya zauna a can ƙurya, wani ƙyallin ya kwanta sumul, wani ya zubo, wani kuma ya fito da tsaga siririya kamar gashi.

Akwai kuma batun hannu. Cibiyar ta fitar da faranti, kofuna, butocin shayi da tukwanen miya masu murfi da yawan gaske, kuma magina da dama ne suka yi su a kan fasali ɗaya, maza da mata, cikinsu har da Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa da Lami Toto. Daga gefe, faranti biyu na iya zama kamar tagwaye. Abin da ke raba su yana ƙasa ko kusa da gindi: hatimin cibiyar, wanda sunan Abuja ne da rubutun ajami, da kuma alamar maginin, wadda a kayan Ladi Kwali haruffan LK ne. Kasuwar duniya ta fi tsadanta nata nesa ba kusa ba, ko da yake masana na yaba aikin sauran. Saboda haka hoton da bai nuna ƙasan faranti ba bai faɗi rabin farashinsa ba. Ita kuma ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, tun daga ranar adadin kayanta raguwa kawai yake yi.

Mutanen da suka fi kowa shan wahalar wannan matsala, har suka gina mata tsari, su ne masu tara tsofaffin mujallun zane na Amurka, irin waɗanda ke ba da labari da hotuna a jere. A 1938 aka buga fitowar farko ta Action Comics, inda Superman ya fara bayyana, ana sayar da ita santi 10. An buga kimanin kwafi 200,000, kuma ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su wuce 100 ba. Dukansu bango ɗaya gare su: jarumin ya ɗaga koriyar mota sama. Amma a 2014 an sayar da kwafi guda a eBay a kan sama da dala miliyan 3.2, a Afrilun 2024 kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da wani a kan dala miliyan 6, alhali a 2013 wani kwafin dala 175,000 ya yi. Labarin wannan na ƙarshen abin ji ne. Wani mai gyaran gida ne ya tsince shi cikin bangon wani tsohon gida a jihar Minnesota, an cusa shi tare da tsofaffin jaridu don tare sanyi. Cikin ɗokin abin, gardama ta kaure tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, aka ja, bangon baya ya yage. Kamfanin da ya yi gwanjon ya ƙiyasta cewa wannan yagewar kaɗai ta ci dala 75,000. Da hoton aro aka tallata shi, da mai saye bai ga komai daga cikin wannan ba, domin hoton bangon Action Comics na farko yana ko'ina a intanet, lafiyayye, babu ko lanƙwasa.

Tun shekarar 2000 akwai kamfani a Amurka mai suna CGC da aikinsa ke nan: a aika masa mujalla, ƙwararru su duba kusurwoyinta, da launin takarda, da tsatsar ƙarfen da ya haɗa shafuka, da ko an taɓa yi mata kwaskwarima da fenti ko gam, su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe ta cikin akwatin roba mai lamba. Kwafin Minnesota 1.5 ya samu, na 2014 ya samu 9.0. Duk da wannan tsari, masu saye na gaske ba sa yarda sai sun ga hoton akwatin da lambarsa a fili, gaba da baya. Suna da dalili. A 1974 kamfanin DC ya sake buga wannan fitowa a takarda mai girma fiye da ta asali, kuma an sha cire bangon waje na wannan sabon bugu a nuna shi a matsayin na 1938. A hoto, inda babu ma'auni a gefe, girma ba ya nuna kansa.

Najeriya ma tana da irin nata kayan. Waɗanda suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 ba za su manta da African Film da jaruminta Lance Spearman ba, na baya kuma sun taso da Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fita a 1976 ta haifi Papa Ajasco. A Arewa akwai tsofaffin bugun Magana Jari Ce na Abubakar Imam da kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939. Suleja kanta tana da littafin tarihinta, A Chronicle of Abuja, da aka buga a 1952 aka sake bugawa a 1962. Irin waɗannan takardu sun sha damina da gara da kyankyaso, an karanta su hannu zuwa hannu har sun yi laushi, ga sunan mai su da biro a shafin farko. Kwafi mai cikakkun shafuka abu ne mai wuyar samu, shi ya sa yake da daraja. Littafin da aka sake bugawa sau da dama, kamar Magana Jari Ce, hoton bangonsa kaɗai ba ya gaya wa kowa ko bugun Zariya na da ne ko na shekaran jiya. Sai an buɗe shafin da ke ɗauke da sunan maɗaba'a da shekara.

Ba duk mai sa hoton aro ne macuci ba, wannan gaskiya ce. Wani kyamarar wayarsa ce ba ta da kyau, wani yana ganin ai kayan iri ɗaya ne, wani kuma dillali ne da bai taɓa ganin abin da idonsa ba, an turo masa hoto ta WhatsApp shi ma ya tura gaba. Mai littattafai dubu a shago yana da uzurin cewa ɗaukar hoton kowane ɗaya aikin makonni ne, kuma a kan sababbin littattafan da ke cikin kwali uzurin karɓaɓɓe ne. Amma niyyar mai sayarwa ba ta rage wa mai saye asara. Hausawa sun daɗe da sanya wa irin wannan suna, cinikin biri a sama.

Abin sha'awa shi ne malaman fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne aka fi bi a wannan yanki, sun tattauna mas'alar tun ƙarnoni kafin a ƙirƙiro kyamara. Risalar Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan Arewa, ta halatta sayen abin da ba ya wurin idan an siffanta shi, har da sayen ƙunshin tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne siffar ta zama ta wannan kayan, idan kuma ya zo saɓanin haka mai saye yana da zaɓin mayarwa. Dokar ƙasa ma ta bi wannan hanya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin da zai ruɗi mai saye, ta kuma ce kayan da aka saya bisa siffa ko samfuri dole su dace da abin da aka nuna. Hoto ma siffantawa ce. Ga kuma wani laifin da ba a cika lura da shi ba: hoton da aka ɗauko daga shafin gidan tarihi ko na kamfanin gwanjo yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta haɗa da hotuna cikin abubuwan da take karewa. Sai dai kowa ya san abin da ke tsakanin samun haƙƙi a takarda da dawo da kuɗin da aka riga aka tura wa baƙo a asusun banki.

Wanda abin ya fi shafa a Abuja shi ne ɗan aike. A ce darakta zai yi ritaya ranar Juma'a, ko wata tawaga daga ƙasar waje za ta yi ban kwana, an ce wa mataimaki na musamman ya nemo kyautar da za ta wakilci Najeriya, kuma wani ya ambaci sunan Ladi Kwali. Lokaci ya ƙure, hoton ya yi kyau, an tura kuɗi, an sa kaya a mota daga tasha. Idan aka buɗe kwali aka tarar da baki a ɓantare, ko aka juya gindi ba a ga LK ba, mai sayarwa ba shi zai tsaya gaban oga ba. Baƙon kuma yana iya zama wanda ya san kayan fiye da mai ba shi, domin tun a 1958 aka baje kolin aikin Abuja a Berkeley Galleries a Landan, kuma a 2022 an sake yin babban baje koli a Two Temple Place wanda aikinta ne ginshiƙinsa.

Kariyar ba ta da tsada. Mai saye ya nemi a ɗauki hoton kayan a hasken rana, ta kowane gefe, da baki, da ciki, da gindi inda hatimi yake, tare da 'yar takarda a gefe mai ɗauke da kwanan wata da wata kalma da shi mai sayen ya zaɓa. Wanda kayan ke hannunsa zai yi wannan cikin minti biyar, wanda ba ya hannunsa zai fara kawo dalilai. A sa ma'auni a gefe, ko da takardar Naira 20 ɗin ce. A nemi gajeren bidiyo da za a ƙwanƙwasa tulun da yatsa, domin lafiyayyen da ya sha wuta sosai yana amo mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dakushe take. Hoton da aka fara gani a sa shi cikin Google Lens, in daga kundin wani gwanjo aka ɗauko shi, sau da yawa nan take zai fito da asalinsa. Hatimi shi kaɗai ba hujja ba ne, ana iya kwaikwayonsa, don haka tarihin kayan yana da nauyi: wa ya saya, a wace shekara, ina ya zauna. Ga littafi ko mujalla, a buɗe tsakiya, a ƙirga shafuka, a nuna shafin maɗaba'a.

Shi ma mai sayarwa na gaskiya ribarsa tana cikin nuna aibin. Manyan gidajen gwanjo suna rubuta rahoton lafiyar kowane kaya, su ɗauki hoton tsagar da kanta, saboda sun gane cewa mai saye daga nesa idan bai ga aibi ba yakan ɗauka an ɓoye masa wanda ya fi shi muni, sai ya rage tayi. Magajin da ya ɗauki hoton farantin mahaifinsa a kan tabarma a tsakar gida, da 'yar ɓantarar bakinsa da hatimin ajami a fili, ya fi samun mai taya shi da gaske fiye da wanda ya aro hoton Landan.

Idan kuwa kayan a Suleja yake kuma kuɗin ya kai a damu, hanyar da dubban ma'aikata ke bi kowace safiya ta Madalla da Zuba zuwa sakatariyar tarayya ita ce dai take komawa can. Ranar Asabar cunkoson ma da sauƙi, kuma tulu abu ne da ake ɗagawa a ji nauyinsa, a juya shi a duba ƙasa.